Itacen da Baba Ya Mayar Cikin Rafi

Mahaifina ya yi shekara ashirin da shida yana share rafi a gandun dajin gwamnati. Duk itacen da ya faɗa cikin ruwa, shi da abokan aikinsa za su sa zarto su daddatsa shi, su ɗaura masa sarƙa su ja shi tudu. A lokacin, ofis cewa ya yi kututturai suna tare wa kifi hanya. Baba bai taɓa yin musu ba. Mutum ne da in ka ce ya share ɗaki, sai ya haɗa har da tabarmar. A wurin aiki Mai Zarto ake ce masa. Har takardar yabo aka ba shi, tana nan rataye a falo kusa da agogon da ya daina tafiya.

Wansa, Baffa, masunci ne mai lasisin kamu a wannan rafin. Akwai wani rami mai zurfi a ƙarƙashin wani tsohon kututture, nan ne wurin kamunsa. Ranar da Baba ya zo da sarƙa, Baffa ya shiga ruwa har ƙugu ya tsaya.

"Kai, wannan itacen gidan kifi ne. Nan suke fakewa, nan suke zuba ƙwai. In ka cire shi ka tashi gari guda."

"Yaya, takarda ce daga sama."

"Ita takardar ta taɓa shiga ruwa?"

Baba ya cire itacen.

Cikin damina huɗu yashi ya cike ramin, ruwan ya miƙe samɓal yana gudu kamar a kwata. Kifi ya ƙare. Baffa ya rataye komarsa, ya koma gadin wani sito a cikin gari. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi. In an haɗu a biki ko a gidan rasuwa su gaisa, kowa ya kama gabansa. Shekara goma sha tara a haka. Ni na tashi ina zaton haka 'yan'uwa maza suke zama.

Saura shekara uku Baba ya yi ritaya aka kawo musu sabuwar shugaba, wadda ta karanci kiwon kifi. Ta tara su a ofis, ta nuna musu hotuna a jikin bango, ta ce kututturan nan su ne ke sa ruwa ya haƙa wurare masu zurfi, su ne inuwar ƙananan kifi da maɓoyarsu. Don haka za a mayar da su. Ta tambayi wa ya san inda kowanne yake a da. Kowa ya juya ya kalli Baba.

Da ya dawo gida yana cire takalmin roba ya gaya mana, kamar mai cewa an yi ruwa jiya. Mama ta ce, "To sai ka je ka faɗa wa Yaya." Ya ce sai ya ga kifi da idonsa tukuna, ba zai je masa da baki kawai ba.

Haka ya koma jan itace zuwa cikin ruwa, da sarƙar nan dai tasa. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma yi murna ba. Na sha gaya masa cewa Baffa fa ya fara mantuwa, an ce har ya taɓa fita ya rasa hanyar gida. Sai ya ce, "Na ji." Da farko haushi nake ji, daga baya haushin ma ya gaji ya bar ni.

A damina ta uku ruwa ya sake haƙa ramin. Wata safiya Baba ya leƙa ya ga ƙananan kifi sun yi baƙi a ƙarƙashin itacen. Ya ɗauki hoto a waya, ya ce in raka shi.

Mun tarar da Baffa zaune a kujerar roba a ƙofar ɗaki, an yafa masa tawul a kafaɗa. Baba ya durƙusa ya miƙa masa wayar.

"Yaya, na mayar da shi. Ga su nan, sun dawo. Kai ne da gaskiya."

Baffa ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ɗago ya yi wa Baba fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Madalla, malam. Amma don Allah kar ka nuna wa ƙanena, Mai Zarto. Ba mugu ba ne, amma in ya gani cirewa zai yi."

Baba ya karɓi wayar ya sa a aljihu.

"Ba zan nuna masa ba," in ji shi.

A mota na jira kuka ya zo mini, bai zo ba. Washegari Baba ya sa takalminsa ya tafi aiki. Akwai sauran itace bakwai da ba a mayar ba.