Ban Buɗe Masa Rumbu Ba

Ɗana ya rasu yana da shekara ashirin da biyu, yana aji biyu a kwaleji. Abu ɗaya ya roƙe ni kafin ya tafi, ban yi masa ba. Abin bai fi aikin tsakanin azahar da la'asar ba. Ni ban yi boko ba. Maƙwabcina malamin firamare ne yake rubuta wannan, ni ina faɗa, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana.

Ni manomi ne a wani ƙauye wajen Makoda, da rani kuma mai haƙar rijiya. Sau biyu rijiya tana ruftawa da ni, sau biyu ana zaro ni da rai. Na binne 'ya'ya uku, duk da ciwo ɗaya, wanda asibiti ke kira sikila. Na binne uwarsu. Ban taɓa kuka a gaban kowa ba, har ana cewa zuciyata ta zama marmara irin wadda nake fasawa a ƙasan rijiya. Wannan yaron kaɗai ya rage mini, shi ma da ciwon. Don haka da kalma ɗaya na raine shi: zauna. Yara na buga ƙwallo, zauna. Ana wanka a kududdufi, zauna. Ko fartanya ban taɓa bari ya riƙe ba. Da ya rasa abin riƙewa sai ya riƙe littafi, littafin ne ya kai shi kwalejin horon malamai.

Da ya zo hutu da kaka, sai ga shi ya sauko daga babur da wani abu rataye a kafaɗa, kamar rariya mai dogon mariƙi. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka samu abin yi. Wani tsoho ya tambaye shi ko na kamun fara ne ko na kashe sauro. Wani ya juyo ya ce mini lallai karatu ya yi albarka, an tura yaro neman ilimi ya dawo da matankaɗi. Shi dariya kawai yake. Ya ce sunan abin raket, wasan kuma badminton, sunan da har yau bakina bai iya shi ba. Malamin wasanninsu ne ya ba shi, don kullum yana ganinsa zaune a gefen fili yana kallon wasu. Ya ce wata uku ke nan da ya fara, kuma duk makarantar babu wanda ya kai shi rashin iyawa, har 'yan mata cinye shi suke yi. Yana faɗa yana murna kamar wanda aka ba sarauta.

Ƙwallon wasan da gashin tsuntsu ake yin ta. Tasa ta lalace, sai ya samu totuwar masara ya soke mata gashin agwagwa. Ya ɗaura tsohuwar igiyar gugana tsakanin darbejiya biyu a gonar da muka cire gyaɗa. Abokinsa na yarinta ba shi da raket, da faifai yake tare masa. Wata yamma ina dawowa daga gona ya tare ni, ya ce, "Baba, zo ka gwada ko sau ɗaya." Na karɓa. Sau uku ina kai duka, sau uku ina dukan iska. Matan da ke dawowa daga ɗibar ruwa suka tsaya suna dariya, wata tsohuwa ta ce ga mai fasa dutse gashin agwagwa ya gagare shi. Na yar da abin a ƙasa na shige gida. Ina faɗin wannan ne don gaskiya ta cika. Abin da na yi daga baya ba tsoro kaɗai ne ya sa ni ba, akwai kunyar wannan yammar a ciki.

Bayan kwana biyu ciwon ya tashi. Kwana biyar muka yi a asibiti a Ɗambatta, yana murƙususu, ina zaune a kan benci. Likita ya ce sanyin safiya ne da rashin shan ruwa, ya ce motsa jiki kaɗan ba laifi ba ne in ba a matsa ba. Na ji, amma ban ɗauka ba. Mun dawo gida ana zuba gero a rumbu. A gidanmu rumbu biyu ne. Ƙaramin shi ake ci da rani. Babban kuwa, rumbun gandu, in aka cika shi aka ɗora masa jinka, ba a sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Haka ubana ya yi, haka kakana. Na ɗauki raket ɗin a gaban idonsa, na hau tsani, na sa shi a can ƙasa, na ce a ci gaba da miƙo dammuna. Da aka rufe na sauko na ce masa ranar da wannan abu ya fito, ranar zai sake wasan, kafin nan ban yarda ba. Bai yi musu ba. Cewa ya yi, "To Baba, Allah ya kai mu damina."

Ranar komawarsa na raka shi bakin titi jiran mota. A nan ya yi mini maganar da bai taɓa yi ba. Ya ce a ɗakinsu na makaranta in ana hirar abin da kowa zai zama nan da shekara ashirin, shi sauraro kawai yake yi. Ya ce ba tsoro ba ne, kowa zai tafi, shi dai an sanar da shi da wuri ne. Ya ce tun tasowarsa jikinsa kamar wani maƙiyi ne da aka haɗa su ɗaki ɗaya, amma in ƙwallon nan tana sama yana bin ta da ido, sai ya manta da ciwo, ya manta da kaburburan 'yan'uwansa, ya zama mutum kawai mai gudu. Ya ce ya fi son mutuwa ta same shi a gajiye da ta same shi a zaune. Abin da na ce masa shi ne ga mota can.

Da bazara ta fara ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi awaki, ya tambayi rijiyar da nake haƙa, sannan ya ce an shirya gasa ta sababbin koyo nan da mako uku. Ya ce ya san ba zai ci ba, so yake kawai a kira sunansa ya shiga fili. Ko zan ɗaga jinka in ciro masa. Na ce rumbun gandu ba a buɗe shi don abin wasa, sama ko gajimare babu. Ya ce ba komai, ya ce in riƙa ɗaura igiya da kyau in zan sauka rijiya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan da hankalinsa. Bayan gasar da kwana goma zazzaɓi ya kama shi. Kwana uku ya yi. Na iso asibiti ya riƙe hannuna, amma bai iya magana ba.

Bayan sadakar uku abokansa biyar suka zo gaisuwa. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure. Wanda suke ɗaki ɗaya da shi ya ce ranar gasar ɗana ne ya riƙe allo yana rubuta maki, kuma duk filin babu wanda ya kai shi ihu. Na tambaye su, duk makarantar babu mai ara masa raket ne? Suka kalli juna. Suka ce sun ba shi ya fi sau goma, har malamin ya kawo masa sabo, ya ƙi karɓa. Kullum amsarsa ɗaya ce, Baba ya ajiye masa nasa, sai damina. Suka ce su sun ɗauka adana masa na yi don kada ya lalace, domin bai taɓa faɗin wata magana a kaina ba sai ta alheri. Ni ina can ina tsammanin zai ari na wani ya yi wasansa a ɓoye, kamar yadda kowane yaro zai yi. Ashe maganata ya riƙe. Ashe ba raket na rufe a rumbun ba.

Suna tafiya na ɗauko tsani. Ƙanena ya ce, "Yaya, ruwa fa bai sauka ba." Na ce masa ya riƙe mini tsani. Muka ɗaga jinka, na riƙa miƙo dammuna yana jerawa a ƙasa. Bayan azahar muka fara, kafin a kira la'asar raket yana hannuna. Ko zare ɗaya bai tsinke ba, sai ƙanshin gero da yake yi. Muka mayar da hatsin muka rufe. Babu abin da ya faru. Geron bai lalace ba, damina ta zo a kan lokacinta.

Wata Alhamis na shiga mota na tafi kwalejin don in mayar wa malamin kayansa. Ban taɓa zuwa ba sai ranar. Malamin ya ce kyauta ya bayar, ba ya karɓa. Zan fita ke nan na ji kiɗa a ƙarƙashin wasu bishiyoyi. Ɗalibai ne suka taru, maza da mata, wani da jita, wani da kalangu. A gefe na ga ƙwarya a kife babu mai kaɗa ta. Na gane ta da ɗinkin da ke bakinta, ƙwaryar uwarsa ce da na yi ta nema a gida. Suka ce ɗana ne mai kaɗa musu ita duk Alhamis, tun da ya rasu ba wanda ya zauna a wurin. Wata yarinya ta ce, "Baba, ka taɓa jin muryarsa?" Ta kunna mini a waya. Shekara ashirin da biyu muna gida ɗaya, ban san ɗana yana waƙa ba. Waƙar a kan wani mutum ce mai shiga duhun ƙasa don gari ya sha ruwa, in ya fito kuma ba ya cewa komai. A tsakiya ya yi kuskure, ya fashe da dariya, ya sake ɗauka. A nan na durƙusa na yi kukan da ban yi wa uwarsa da 'yan'uwansa ba, a gaban 'ya'yan mutane.

Ba na cewa da na buɗe rumbu da bai mutu ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, na san wannan. Ba kuma al'adar gidanmu ce ta yi laifi ba, ni ne na ɓoye a bayanta. Na yi ta ƙoƙarin tsawaita masa kwana, abin da ba a hannuna yake ba, na hana shi jin daɗin kwanakin da ke hannunsa. Duk mai ɗa mara lafiya, ya kai shi asibiti, ya ji maganar likita, amma kada ya mai da shi kayan ajiya. Kuma wanda yake da ɗa mai biyayya ya kula da bakinsa, domin abin da ka faɗa cikin fushi shi zai ɗauka ya riƙe har kabari.

Yanzu ina nan ƙauyenmu. Na daina shiga rijiya, gwiwa ta ƙi. Igiyar tana nan ɗaure tsakanin darbejiyoyin, raket yana rataye a zaure, duk wanda ya so ya ɗauka ba sai ya tambaya ba. Wani lokacin in fili ya yi sauƙi nakan gwada, har na kai ina dukan ƙwallon sau huɗu a jere. Bana ma mun cika rumbun gandu mun rufe. Gero ne kawai a ciki.