Hannun Mai Niƙan Barkono

Ɗakin niƙan bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kuma inji ya cinye rabi. A sauran rabin take tsaye, mace mai kimanin shekara hamsin, ta ɗaure hanci da tsohon ɗankwali. Jar ƙura ta hau girarta. Mu masu kawo niƙa muna bakin ƙofa muna atishawa, ita ko tari ba ta yi.

Wata tsohuwa a layi tana ɗaga murya: "Ai barkono magani ne, 'yar nan! Ya buɗe hanci, ya sa cin abinci. Ni har da mai nake kwaɓawa in shafa a gwiwa."

"Haka ne, Inna," in ji mai niƙa. "Ni da nake shaƙarsa tun safe ai na fi kowa lafiya."

Ana ta dariya, sai ga hawaye yana gangaro mata. Ta ɗaga hannu za ta share, ta dubi jajayen yatsunta, ta mayar da hannun bakin inji.

Ina jin haka take yi a gida in jikanta ya rugo: ta ɓoye hannu a baya, ta tare shi da gwiwa. Ban sani ba ko yaji ne ya kawo hawayen ko wani abu daban. Ko ma mene ne, sai dai ya bushe da kansa, don kwano shida na jiranta.