Saukar Baffa a Tandabawi

Gidan da na gada a unguwar Tandabawi kakanmu ne ya gina shi da dutse, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira roshan. Tun da hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi, ko ƙusa ba na bugawa sai da tasarihi, wato izini. Na fara gyara, an fasa banɗaki da kicin, an ɗaye rabin rufin, sai aka tsayar da aikin har a samo irin katakon asali. Na kai iyalina gidan surukaina a unguwar Rusaifa, ni na zauna gadi a ɗaki ɗaya da ya rage.

Ana haka Baffa, ƙanen mahaifina, ya zo Umra daga Kano. A gidan aka haife shi, yana yaro aka mayar da shi Kano. Na kama masa otal kusa da Harami, ya ƙi.

"Ɗana, gidan ubana yana tsaye zan kwana a gidan haya?"

Haka na shigo da shi ta tsakanin buhunan farar ƙasa, ina ɗauke masa igiyoyi daga hanya. Dattijo ne mai ciwon gwiwa. Duk lokacin da zai kewaya sai na riƙe hannunsa mu tsallaka gidan maƙwabcinmu, mu yi sallama, mu jira mata su shige. Ina tsaye a ƙofar mutane da buta, 'yan unguwa suna wucewa suna gaishe ni, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Abinci ma maƙwabtan ne ke aiko mana. Wata rana muna ci, ƙasa ta zubo daga sama cikin kwanon shinkafa. Baffa ya sa cokali ya kwashe wurin, ya ci gaba da ci. Ni na kasa.

Bai taɓa yin ƙorafi ba. Bayan ya koma, 'yan uwa suka yi ta kirana suna sa albarka, wai Baffa ya ce na karrama shi, bai rasa komai ba. Nakan amsa da amin kawai, in nemi a sauya zance.

An gama aikin bayan rasuwarsa. Ɗakin da ya kwana yanzu ɗiyata ke karatu a ciki.