Ranar da Kawu Vjeko Ya Bar Tukunyarsa

A ƙauyenmu na bakin kogin Drava, duk mai son tarihin ƙungiyar ƙwallonmu wurin Kawu Vjeko ake tura shi, shi kuwa da kifi yake ba da labari. Shekarar da muka hau babban rukunin gunduma, kifi ya yi maiƙo. Shekarar da aka koro mu, barkono bai yi ja ba. Tun yana saurayi yake dafa farfesun kifin da muke ci da baƙi bayan wasa, amma ƙafarsa ba ta san ƙwallo ba. Dokarsa ɗaya ce: ludayi ba ya shiga tukunya. Hannunta ake kamawa a girgiza, in ba haka ba kifin ya dagargaje.

Haka muka yi ta hawa da gangarowa, har samari suka watse Jamus neman aiki, muka tare a rukunin ƙarshe. Zdenko, shugaban ƙungiya, har sunan Kawu ya yi wa rajista don cike gurbi, muna ta dariya.

Ashe ranarsa na zuwa. Wata Lahadi muka fito mu shida. Alƙalin wasa ya ce sai da bakwai, kuma in aka sake fasa wasa, an kore mu daga gasar ke nan har abada. Kakana ne fa ya kafa turakun ragar filin nan.

Zdenko ya nufi murhu yana ɗingishi da sandarsa. "Kawu, taimaka."

"Kai, ba ka da hankali? Yanzu fa ta tafasa!"

"Tsayuwa kawai za ka yi."

Kawu ya dubi tukunya, ya dubi fili, ya ja tsaki. "To riƙe min. Ka taɓa ludayi, ni da kai ne."

Muka sa shi a raga, riga ta ƙi rufe tumbi. Ƙwallo na shiga ta hagu, shi yana kallon dama, inda hayaƙi yake. Can sai muka ji ihu: "Zdenko! Ajiye ludayin nan, ɗan banza!" Ya taho a guje zai bar fili, muka rirriƙe shi, har baƙin suna tayawa: "Haƙuri, Kawu, saura kaɗan!" Ya koma raga, idonsa ya ciko, yana kallo ana ta juya masa kifi. Bai sake motsawa ba har aka tashi.

Mun sha kashi, ba wanda ya ƙirga. Farfesu kuwa ya zama kunu mai ƙaya, muka shanye tas har da lashe kwano.

Har gobe muna cikin gasar. In ka tambayi Kawu labarin wannan shekarar, sai ya haɗe rai: "Shekarar da Zdenko ya kashe min kifi." Sai kuma ya sassauta murya: "Amma ka ga, Lahadi mai zuwa ma akwai waɗanda zan dafa wa."