Rabon Magani da Rabon Maƙwabta: Kwana Biyu Tsakanin Mafara da Faru

Mun tashi daga Gusau da idar da sallar asuba, ni da ɗiyar ƙanwata da direban da ya saba kai ni unguwa. A bayan mota akwai sabon batir cikin kwali, da jakar kayan aikinta, da kulan ruwa. Ita injiniyar lantarki ce. A Kaduna take aiki, ita da abokanta suna ƙera ƙananan akwatunan sanyi masu aiki da hasken rana, don ajiyar magani a garuruwan da wuta ba ta kai ba. Ni kuwa kusan shekara arba'in na yi ina fataucin rediyo da kayan lantarki, daga Agadas zuwa Kumasi, daga Jidda har ƙasar Sin, kafin gwiwa ta ce in zauna. Na tambaye ta ko shawarata take so da ta ɗauko ni, sai ta ce a'a, furfurata take so, don da ita ake samun tabarma a ƙauye.

Dalilin tafiyar shi ne wani dattijo manomi a Faru, cikin ƙasar Maradun, mai suna Malam Ummaru. Ciwon suga gare shi, kullum sai ya yi allura, kuma maganin allurar ba ya jure zafi. Bara ta kai akwati ɗaya gidansa. Ya yi watanni yana aiki lafiya, sannan ya fara ɗaukewa kafin gari ya waye. 'Ya'yansa suka yanke shawara cewa in ba a gyara shi kafin ruwa ya sauka ba, za su mayar da tsohon Mafara wurin babban ɗansa, inda akwai firiji. Shi kuma tun da ya iya riƙe fartanya bai taɓa rasa damina a gonarsa ba.

Hanyar Bunguɗu da Maru ta yi kyau a wasu wurare, a wasu kuwa direba ya san ramukan kamar 'ya'yansa. Shingen jami'an tsaro ya fi na da yawa. Ba na ƙorafi, a halin da ƙasarmu take ciki ganinsu kwanciyar hankali ne. Bazara ta kai ƙarshe, gonaki duk an share, an tara taki tsibi-tsibi, kowa ya zuba wa gabas ido.

Mun shiga Talata Mafara da hantsi, kuma ranar kasuwa ce. Na karya da hoce, gasasshiyar wainar dawar nan ta ƙasarmu, da ƙuli-ƙuli a inda na saba tun ina saurayi. Hocen ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma, amma ɗanɗanon yana nan. Dankali da albasa na fadamar Bakolori sun cika bakin titi, mahauta na ta yanka, ƙamshin balangu ya hana ni sauraron bayanin da ɗiyata take yi mini. Abin da ya ja hankalina shi ne rumfunan caji. A Kumasi na ga irinsu, a Omdurman ma na gani, amma ban taɓa ganin waya ɗari a kan allo ɗaya, kowacce da lamba a jikinta kamar tumaki a kara, sai a nan.

Ta ja ni rumfar wani mai gyaran fitilu da batura don ta sayi wayar wuta da soket. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani kwano cike da ƙananan alluna kore, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Ta ɗauki ɗaya ta nuna mini. Ta ce kowane batirin zamani yana da irin wannan a jikinsa, ita mai gadi take kiransa. Shi ne ke tsayar da caji in batir ya cika, ya yanke wuta in ya kusa ƙarewa ko ya yi zafi, ya kuma daidaita ɗakunan da ke cikin batir don kada wani ya ƙoshi wani ya kwana da yunwa. Irin wannan batir, in aka tatse shi ƙarƙaf sau da yawa, ba ya komawa yadda yake.

Mai gyaran ya yi dariya, ya ce masu kawo masa aiki ne suke sa shi cirewa. Mutum zai zo ya ce fitilarsa tana mutuwa alhali akwai sauran wuta a ciki, a cire masa wannan marowacin. In ya cire, fitila ta ƙara awa guda, mai ita ya tafi yana sa albarka, bayan wata uku ya dawo da batir a kumbure. Ɗiyata ta riƙa juya allon a tafin hannunta. Ni kuwa na kau da kai, don a shagona na da, ni da hannuna na sha ɗaure fis da ƙarfen waya saboda mai rediyo yana sauri.

Bayan azahar muka leƙa Damri a ƙasar Bakura, inda akwai wani akwatin nata a shagon mai sayar da magani. Wannan lafiyarsa lau. Abu ɗaya kawai ta gyara: ya jingina shi da bangon yamma ƙarƙashin kwano, wurin da ko ƙarfe ka taɓa sai ka janye hannu. Ta sa aka matsar da shi inda iska ke shiga, ta ce zafi yana cin batir a hankali kamar gara. Aka kawo mana fura da nono mai kauri, na gaisa da mai nonon da Fillanci, ta ce Fillancina na Adamawa ne, na masu shan shayi. A hanyar komawa ɗiyata ta kasa sakin jiki. Akwatin Damri da na Faru hannu ɗaya ya ƙera su, rana ɗaya. Ta yi ta maimaita lissafinta: ƙarfin faifan sola, abin da injin sanyi ke ja in zai tashi, ajiyar kwana biyu saboda hadari. Ba ta ga inda ta kuskure ba.

Muka kwana a Mafara gidan 'yan'uwa. Da safe ba mu tashi ba sai da aka buga waya aka tambayi lafiyar hanya, muka bi bayan motocin da suka riga mu. An gargaɗe mu mu juyo kafin la'asar. Kusa da Maradun ruwan madatsa ya bayyana yana ƙyalli, masunta na shanya koma. Daga gari muka bar mota muka hau babura. Kuɗin babur ya ninka abin da na sani, kuma da na ga hanyar ban yi ciniki ba. Na hau raƙumi a Agadas, na hau jirgin ƙasa mai gudu kamar harsashi a Sin, amma babu wanda ya tuna mini yawan ƙasusuwan bayana kamar babur ɗin Faru.

Malam Ummaru ya tarbe mu a zaure, dogo ne siriri, idonsa garau. Gaisuwa ta ɗauki lokacinta: gajiya, iyali, zafi, mutanen Gusau, dabbobi, sannan aka sake daga farko. Ya dube ni ya ce ashe injiniya da ɗan dako ta zo, kuma ta rasa wanda za ta ɗauko sai wanda ya girme shi. Na ce masa ni dai ba a yi mini allura kullum. Daga nan muka saba.

Akwatin yana ɗakin matarsa, Inna Kulu, an ɗora shi kan bulo an lulluɓe da zane mai tsabta. Ɗiyata ta ɗaga zanen, sai ga wata baƙar waya ta fito daga bayan akwatin, ta bi bango, ta fita ta taga. Muka bi ta har zaure. A bayan buhunan gero akwai allon katako da soket shida, wayoyin hannu tara a jiki, da fitila biyu, da rediyo. Ta koma ta kwance murfin baya. An haɗa baƙar wayar kai tsaye a jikin batir, ta bayan mai gadi. Ɗaki ɗaya na batirin ya kumbura kamar burodi.

Ba wanda ya ɓoye komai. Malam Ummaru ya ce shi ya kira mai gyaran babur na garin ya ja masa wayar. Da farko an haɗa ta inda ya dace, amma sai akwatin ya riƙa yanke wa mutane wuta tun da sauran rana, mai gyaran ya ce ya san maganin wannan. Dalilin jan wayar kuwa, wata rana a kaka an so a sanar da mutanen unguwar da ke gona cewa hanya ba lafiya, su dawo. Wayoyin gida biyar aka gwada, duk babu caji. Allah ya tsare, kowa ya dawo, amma daga ranar ya ce ba za a yi wuta a gidansa maƙwabci yana yawo da matacciyar waya ba.

Ɗiyata ta ce za ta sa sabon batir, ta cire wayar, ta rufe bayan akwatin da kwaɗo, makulli ya zauna a hannun Inna Kulu. Tsohon ya gyara zama.

"Ɗiyata, in kwaɗo za ki sa, ɗauki abinki ki tahi da shi. Ni in tahi Mafara. Ba ni zama garin ga ana cewa Ummaru ya kulle wuta."

"Baba, in batir ya sake mutuwa maganinka zai lalace. Ranka ake magana."

"Su ma nasu ran na cikin wayoyin ga."

Na buɗe baki zan yi irin dogon jawabin da tsofaffi ke yi, sai Inna Kulu ta yi magana daga bakin ƙofa. Ta ce ita kam kada a ba ta makulli. Matar da ta karɓar mata haihuwa, in ta miƙo waya a sa mata caji, da wane baki za ta ce a'a? Amma lokacin da akwatin yake yanke wuta da kansa, babu wanda ya taɓa jin haushinta, sai dai a ce injin ya gaji, a dawo gobe. Abin da ya ɓata wa mutane rai kawai shi ne ba su san lokacin da zai yanke ba.

Na ga fuskar ɗiyata ta canza. Ta zauna a ƙasa, ta zazzage jakarta, ta ɗauko wata na'urar daidaita caji da ta zo da ita saboda ko ta kwana. Ta ce mini, "Kawu, riƙe mini wannan, kada ka ɗaure komai da ƙarfen waya." Aka kira mai gyaran babur ɗin, magidanci mai natsuwa, ya zo yana sunkuyar da kai. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta nuna masa ɗakin da ya kumbura, ta sa ya taɓa, sannan ta ba shi abin ƙona dalma suka yi aikin tare.

Abin da ta yi shi ne ta sa sabon batir, ta raba wutar gida biyu. Injin sanyi ya zauna ƙarƙashin kulawar mai gadi da rabonsa, wanda ba mai taɓawa. Wayar zaure kuma ta bi ta sabuwar na'urar, wadda ba ta buɗewa sai batir ya ƙoshi, daga hantsi zuwa bayan azahar, lokacin da faifan ke samar da abin da ya fi ƙarfin akwatin, wutar da a da ma zubewa take yi a banza. Da rana ta karkata, ko hadari ya rufe, sai ta rufe da kanta. Ta saka ƙwai biyu ƙanana na lantarki a kan allon zaure, kore da ja. Rediyo da fitilu ta ce a ba su haƙuri, wayoyi kawai. Malam Ummaru ya yi gardama a kan rediyon, ya sha kaye.

Kafin azahar injin ya tashi da ɗan gurnaninsa, koren ƙwai ya kama. Maganin da ke ciki ta ce kada a amince da shi, a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, a karɓo sabo. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, muka ci muna kallon wayoyi suna shan caji. Wata tsohuwa ta shigo da tata, Inna Kulu ta nuna mata ƙwan, ta ce in ya yi ja rabon Malam ne ya rage, ba ruwan kowa. Tsohuwar ta ce to ai wannan gaskiya ne. Malam Ummaru ya sa aka buga wa babban ɗansa waya a gabanmu, ya ce masa ya ajiye ɗakin da ya share, ya aiko da irin gero.

Mun juyo kan lokaci, muka yi la'asar a Maradun, magariba ta same mu a Gusau. A mota ɗiyata ta cika shafi uku da zane. Ta ce duk akwatin da za su ƙera nan gaba da soket ɗin maƙwabta zai fito, da faifai mai ɗan girma. Ta auna rana, ta auna zafi, ta auna hadari, ba ta auna mutanen unguwa ba.

Ni ma na koyi nawa. Na shiga masana'antu a Sin inda ake gwada na'ura da ruwa da zafi da jijjiga, ban ga inda ake gwada ta da kunya ba. Duk wanda zai ƙera wa mutanenmu abu, ya sani ba gida ɗaya zai yi wa aiki ba, kuma mai gidan ba zai iya cewa a'a ba, sai dai a koya wa na'urar ta faɗa a madadinsa.

Kwana tara da dawowarmu ruwa ya sauka. Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Malam Ummaru ne, daga gona, da wayar maƙwabcinsa. Ya ce ya yi shuka, kuma in gaya wa injiniya har yanzu yana nan a kan maganar rediyo.