Gidan Dagaci da Lawwali Ya Tayar

Malam Sahabi magini ne ɗan magini, daga wani ƙauye a gefen Bunguɗu. Shi da ƙanensa Lawwali a hannun mahaifinsu suka koyi kwaɓa ƙasa da murza tubali, kuma kowa ya shaida hannun Sahabi ya fi.

Da aikin siminti ya yi kasuwa, sai Sahabi ya bi shi. Ya koma Damba a Gusau, ya shekara ashirin da bakwai yana jera bulo a gidajen ma'aikatan gwamnati. Lawwali kuwa ya zauna ƙauye yana gyaran rumbuna da katangun da damina ta zubar. Sahabi har tausayinsa yake ji.

Ana nan sai Hajiya Mas'uda, jikar tsohon dagacin ƙauyensu, ta yi ritaya daga koyarwa, ta ce za ta tayar da gidan kakanta da jemagu suka gaje. Ta tara masaƙa da dukawa da masu zane, su zauna ciki su ci tukunya ɗaya, kowa da ɗakin aikinsa. Sharaɗinta shi ne kada a sa mata siminti ko cokali guda. Aka nemi mai aikin ƙasa, aka kira Lawwali.

Hanatu matar Sahabi ce ta nuna masa hoton a waya. Ga Lawwali tsaye gaban zaure, baƙi daga Kaduna sun kewaye shi.

"Malam, dubi ƙanenka. Wai ɗalibai ke zuwa yana koya musu."

Sahabi ya ture kwanon tuwo ya ce miyar ta yi gishiri.

Ran Juma'a ya sa farar riga ya hau mota. Ya iske ginin ya sha yaɓen makuba yana ƙyalli, an sake azarar rufi, ƙarar masaƙa na fitowa daga ciki. A goshin zauren ga dagi, irin zanen mahaifinsu. Ya daɗe yana dubawa yana neman aibu, har ya samu.

"Wannan dagin ya karkace ta hagu," ya ce, yadda kowa zai ji.

Lawwali ya goge hannu a riga. "Na sani, Yaya. Sau uku ina kankarewa. Ai kai Baba ya fi zaunarwa a kansa. Ga ƙasa nan a kwaɓe, hau ka gyara mana."

Da gardama ya yi masa, da Sahabi ya ji sanyi. Kafin ya amsa, wani baduku ya leƙo yana kira, "Baba magini, an zuba abinci, kai muke jira!" Lawwali ake nufi. A shekarun Sahabi duka a Gusau, ba gidan da ya gina aka taɓa jiran sa a kan faranti. Ana shafa fenti ake manta shi.

Ya ce yana da aiki a gari, ya juya ko ruwa bai sha ba.

Da sallah bai je gida ba. Amma bayan mako biyu ya sa aka sauke masa jar ƙasa a bayan ɗaki, ya tayar da 'yar katanga, yana zana dagi da yatsa yana gogewa. Na farko ya fi na Lawwali karkacewa.

Hanatu ta tsaya kansa. "Malam, mi ake ginawa?"

"Akurkin kaji."

"Yaushe muka yi kaji?"

Bai ɗaga kai ba, ya ce ta ƙaro masa ruwa a bokiti.