Tandar Inna

Ni ba mai yawan magana ba ne, lakwal ma, makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba. Amalanke nake kora. In ɗauko kanwa daga kwari, in kai bulo, in kai ruwa, duk abin da aka ɗora mini. Bayana ya gaji, san da ke jan amalanken ma ya gaji. Amma akwai abin da ya faru a gidanmu nan Gure da nake so ya zauna a takarda, tun ban fara mantuwa ba.

Tun da mahaifinmu ya rasu Inna ta ɗauki masar Juma'a. Ba wanda ya ɗora mata. Sadaka ce take yi masa, kuma ban taɓa ganin ta tsallake ba, ko shekarar da hatsi ya yi wuya. Aikin daga Alhamis yake farawa. Da hantsi ta auno hatsi, ta surfe, ta wanke, ta jiƙa. Da la'asar a daka. Ta raba garin biyu, ta dama rabi kamar kunu mai kauri, in ya huce ta haɗe shi da ɗanyen, ta rufe da faifai ya kwana. Da safe ta buɗe, ta sansana, ta lasa da yatsa, ta ɗiga ruwan kanwa don ya kashe tsamin. Kanwar ni nake kawo mata, kuma sai ta zaɓa. In na kawo wadda ba ta yi mata ba, sai ta ce in kai wa awaki.

Tandarta ta ƙasa ce, baƙa wuluk, tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Da ita aka kawo ta gidan mahaifinmu. Ba a wanke ta. In an gama tuya, tsumma ake sawa a goge, a kife ta ƙarƙashin gado. Masar farko mai kyau, duk wanda ya fara wucewa ƙofar gida shi ake miƙa wa, ko makiyayi ne da ya shigo gari da raƙuminsa, ko sandarma mai kaki. Sauran a raba wa maƙwabta da tsofaffin bakin masallaci. Waɗanda suka fashe kuwa, nata ne. "Fasassu na mai tuya ne," haka take cewa, ta ci abinta a tsugune gaban murhu.

Sai yanar ido ta rufe mata gani. A hankali abin ya zo, tana ɓoyewa, har wata Juma'a bakin zanenta ya kama wuta ba ta gani ba. Matata ce ta kashe da ruwan tulu. Ƙafa ta ɗan ƙone. A gidan likita aka ce mana kada tsohuwar nan ta sake kusantar murhu, kuma gaskiya suka faɗa.

Matata ta ce za ta karɓi aikin. Ita Bafillatana ce daga wajen Alakos. Ba ta nono ka ga hannu, furarta kuwa ba ta biyu a unguwarmu. Amma masa ba a yi ta a rugarsu. Ta jawo tandar daga ƙarƙashin gado, ta ga baƙi, ta ɗauka dauɗa ce. Ta samu sabulu da soson ƙarfe ta dirje ta tas, yadda take yi wa ƙwaryar nono, har jan ƙasa ya fito. Da niyyar alheri ta yi. Da aka zuba ƙullu sai ya kama tandar ya ƙi tashi. Abin da aka kankaro ranar, kaji ma sai da suka yi shawara kafin su ci.

Inna ta shafa tandar da hannu, ta ji kaushi. Matata ta shiga ɗaki tana kuka.

Na ce, "Inna, a riƙa sayowa mana. Ga mai masa can bakin tasha, tata ta fi ta kowa. Allah ba ya duba tandar wa aka toya."

Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Ta juyo da fuska wajen da muryata take, ta ce, "Kai wannan, haka ne. Allah ba ya dubawa. A sayo."

Kada wani ya ce masar saye ba ta da kyau. Tana da kyau. Matar nan ta bakin tasha Babarbariya ce, mai jiki, mai murya, tun sallar asuba tana gaban wuta, hayaƙi ya rine mata ido. Masarta ta shinkafa ce, fara, mai taushi, da ɗan sukari. Tandarta ta ƙarfe, hannunta kamar inji: tana zubawa, tana juyawa, tana kwashewa, tana faɗa da direbobi, duk lokaci guda. Mutum irina da ke fita kafin a hura wuta a gida, ita ce uwarsa da safe. Ba daka, ba jiƙo, ba neman itace. Ka miƙa kwano, a cika maka. Wanda ya raina wannan bai taɓa fita aiki da yunwa ba.

Duk Juma'a in kawo kwano cike in ajiye gaban Inna. Ta ɗora hannu a kai, ta ce, "Allah ya kai ladan kabarinsa." A raba. Sadaka ba ta tsaya ba.

Inna ce ta tsaya. Da can tun Laraba take fara tambaya ko akwai man gyaɗa, ko itacen ya bushe. Yanzu ta daina tambayar yau wace rana. Ta daina fitowa tsakar gida. Matata ta dama fura, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Tuwo kuwa sai dai a ɗauke shi yadda aka ajiye. Na ba ta masar sayen, ta ce duk lafiyayyu ne, a kai wa masu rabo. Wuyan hannunta ya koma kamar kara. Muka koma gidan likita, suka duba, suka ce ba ciwo, tsufa ne. Ni dai na san tsufa bai zo mata cikin wata biyu ba. Ina kallon uwata tana tafiya, ban san inda zan riƙe ta ba.

Wata Juma'a mai masa tana cika mini kwano ta ce, "Mai amalanke, wai wa ke cinye masar nan duk mako? Ko ka ƙara aure ba ka gaya mana ba?"

Na gaya mata sadakar tsohuwa ce. Ta tambayi wace tsohuwa, na kwatanta mata gidan. Ta ajiye ludayi.

"Mai masar hatsi? Uwarka ce? Lokacin da aka kawo ni garin nan amarya daga Gamu, ban san kowa ba, na wuce ƙofarku zan je rijiya, ta miƙo mini masa da zafinta. Har yau ina jin ta a bakina. Shi ne kuka zaunar da ita kamar buhun dusa?"

"Ido ya tafi."

"Da ido ake ƙullu? Matarka fa, hannunta ya karye?"

"Ta gwada. Ta wanke tandar da sabulu."

Matar nan ta yi dariya har tari ya kama ta. "Bafillatana ce ko?"

"Daga Alakos."

"Na sani! Wa ya ce ka ba Bafillatana tanda? Je ka kawo mini ita. Tandar, ba matar ba, matar ba ta gyaruwa."

Barebari da Fulani abokan wasa ne, ba a fushi da irin wannan. Na ce mata, "Kin san in aka koma yi a gida, kin rasa cinikina?"

"Kai kaɗai ne mai ciki a Gure? Kawo tanda, kana tare mini layi."

Na kai. Ta ajiye ta gefen tata ta ƙarfe. Kullum in na zo wucewa sai in ga ta shafe ta da mai ta ɗora a wuta kaɗan kaɗan, ta zuba ƙullu, ya kama, ta kankare ta watsa wa kaji, ta sake. Man nata, itacen nata. Na yi maganar biya, ta ce in ban bar wurin ba za ta watsa mini ruwan wanke-wanke. A hankali jan ƙasar ya koma baƙi.

Wata Alhamis da hantsi, bayan ta tashi daga tasha, sai ga ta a gidanmu da tanda a ka.

"Salamu alaikum! Ina Bafillatanar da ta yi wa tanda wankan amarya?"

Matata ta fito tana gyara kallabi. "Ga ta nan, Babarbariya. Ku da ba ku saba da ruwa ba, dole wanka ya ba ku tsoro."

Suka yi ta yi, har suka shiga ɗakin Inna. Mai masa ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗora mata tandar a cinya. Ina tsaye bakin ƙofa. Inna ta bi gurbin tandar da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga ta kai hanci.

"Wa ya ba ta mai?"

"Ni ce, Inna."

"Kin cika mata wuta ta wannan gefen."

"Na tuba, Inna."

Inna ta ci gaba da shafawa. Can ta ce, "Yau wace rana?"

Matata ta ce, "Alhamis."

"Alhamis, rana ta yi haka, ba a jiƙa hatsi ba? Kai wannan, kana tsaye kamar turke. Akwai kanwa a gidan nan?"

Na ce akwai. Ta ce in kawo ta taɓa. Ta taɓa, ta lasa, ta ce ta awaki ce. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na ɗaura wa sa amalanke na nufi kwari.

Da safen Juma'a mai masa ta bar wa ƙanwarta wurinta, ranar da ta fi ciniki, ta zo. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma nesa da murhu, inda ko tartsatsi ba zai kai ba. Aka kai mata ƙullu, ta sansana, ta lasa, ta ɗiga ruwan kanwa da hannunta. Matata ce a gaban wuta, mai masa na tsaye a kanta tana zolaya: "Rage mai, ba shanu kike shayarwa ba."

Aka zuba. Inna ta karkata kai tana saurare.

"Juya."

"Inna, ba ta yi ba."

"Juya na ce. Kukan man ya sauya."

Matata ta sa cokali. Na farko suka fashe, na biyu ma haka. Zubi na uku masa ta tashi ɗungurungum, ja a gefe, tana ƙamshin da na sani tun ina yaro. Mai masa ta rangaɗa guɗa. Inna ta ce a kai ƙofa. Ni na kai. Wani mai moto ne ya fara wucewa, baƙo, ya karɓa yana ta kallona.

Da na dawo na tarar ana gardama. Matata ta tara fasassun a faifai za ta kai wa kaji, Inna ta ce a miƙo mata.

"Inna, ke fa kika ce fasassu na mai tuya ne. Ni na toya."

"Ke cokali kawai kika riƙe. Miƙo nan."

Ta jawo faifan gabanta. Ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta ce a kawo mata ruwa, ta ci gaba. Na juya baya ina gyara igiyar sa, wadda ba abin da ya same ta.

Inna ta ƙara ganin damina da rani bayan wannan, tana faɗa duk Alhamis, kafin Allah ya karɓi abinsa. Yanzu sadakar ta mutum biyu ce, matata ke yi, ba mai ce mata juya. Sauran ranakun mako ina nan bakin tasha da kwanona, mai masa na tambayata ko Bafillatana ta sake yi wa wani abu wanka. Tandar tana ƙarƙashin gado, baƙa wuluk. Ko da butar alwala na gifta kusa da ita, sai matata ta daka mini tsawa.